Wa Ya Sayar Da Gidajen Sinimar Mu?

Duk wanda ya san harkar dillancin filaye a Kano ya san irin kirarin da ake yi wa tsohon gini idan za a sa shi a kasuwa. Ba a maganar ginin kan sa, balle abin da aka taɓa yi a cikin sa. Abu uku kacal ake lissafawa: faɗin filin, takardar mallaka, da kuma cewa a bakin babban titi ya ke. Daga nan sai dillali ya rage murya, ya kawo maganar da ke sa mai saye ya gyara zama: ginin ba matsala ba ne, kwana uku katafila ta gama da shi, wurin filaza ne.

Irin wannan lissafin ne ya cinye gidajen sinimar Arewa ɗaya bayan ɗaya, ko zaman makoki ba a yi masu ba. Da can idan Bakano ya ce ya tafi Plaza, kowa ya san kallo ya tafi. Yau idan aka ce filaza, jerin shaguna ne hawa biyu ko uku, da janareto a ƙofar kowanne, da masu sayar da caja da murfin waya. Tare matashi ɗan shekara 20 ka ce masa Wapa, abin da zai faɗo masa a rai shi ne dala da riyal, domin 'yan canji ya sani a wurin. Bai san sunan gidan sinima ba ne. Rex, Palace, Orion, Eldorado, Queens, Marhaba, sunayen nan sun koma kwatance a bakin 'yan adaidaita-sahu, waɗanda ma ba a manta da su ba ke nan.

Idan aka tashi wannan magana a majalisar 'yan fim, mutum biyu ake ɗora wa laifi: mai gidan da ya sayar, da malamin da ya yi wa'azi. Ni kuma na ce a'a, a dai sake duba. Manyan masu laifi su ne mu 'yan industiri da mu ka zura ido, da kuma hukumomin da ke sa hannu a takardar sauya fasalin wuri ba tare da gindaya ko sharaɗi ɗaya ba. Wanda maganar ta yi wa zafi ya yi haƙuri, gyara kayan ka bai zama sauke mu raba ba.

Yadda aka faro

Sai an san abin da aka yi asara kafin a san girman asarar. A 1937 aka buɗe sinimar Rex a Kano, kuma Kwarori ne su ka riƙe harkar a wancan zamani, su ne masu gidajen, su ne masu shigo da finafinan. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a sinimar El-Duniya, mutum 331 su ka rasu. Wannan masifa ta bar tabo a zukatan Kanawa, domin da yawa sun ɗauke ta a matsayin ishara cewa wurin ba na alheri ba ne. Duk da haka a 1952 aka buɗe Palace a Jakara, cikin birni, bayan an sha rigima da masu adawa da ita. Ta rayu har zuwa lokacin da Alhaji Sabo Bakin Zuwo ya zama gwamna a 1983, ya rufe ta, aka mayar da ita asibiti.

A waɗannan gidaje ne iyayen mu su ka haɗu da finafinan Indiya, su ka haddace 'Mother India', su ka laƙaba wa Dharmendra sarkin ƙarfi, daga baya yayyen mu su ka kira Sanjay Dutt ɗan daba mai lasin. Duk wanda ya ke mamakin inda rawa da waƙa su ka samo asali a fim ɗin Hausa, to ya nemi amsar a kan bencinan waɗannan gidaje. Nan ce makarantar da daraktocin mu na farko su ka yi, ba su biya ko sisi ba sai kuɗin ƙofa.

A 1972 gwamnatin Janar Gowon ta yi dokar mayar da wasu sana'o'i hannun 'yan ƙasa, kuma gidajen sinima na cikin su. Gidajen su ka dawo hannun namu. Sai dai finafinan da ake haskawa har lokacin daga waje ake kawo su, da kuɗin waje. Da tsarin tsuke bakin aljihu na Janar Babangida ya zo a 1986, naira ta faɗi, sayo fim ya koma sai wane da wane. Ga kuma bidiyo ta shigo gidaje. Tun daga nan gidajen sinima su ka fara tari.

Abin da mutane su ke mantawa shi ne, fim ɗin Hausa ne ya ƙara masu numfashi. Bayan 'Turmin Danya' na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, harka ta yi ta bunƙasa, har aka zo zamanin 'Sangaya' a 1999 da 'Wasila' a 2000. A wancan lokaci furodusa kan zagaya da fim ɗin sa sinima-sinima, gari-gari, musamman da Sallah, ya kwashi kuɗin ƙofa kafin ya saki kaset a kasuwa. Wato dai su ma gidajen sun ciyar da industiri, kamar yadda industiri ta ciyar da su. To a daidai wannan lokacin, da kuɗi ke shigowa kuma farashin fili bai haukace ba, wane furodusa ne ko wace ƙungiya ce ta ce bari mu mallaki ko da gida ɗaya? An sayi motoci, an yi gasar waya, an yi rigimar shugabanci. Gidan da ake tara kuɗin kuwa, an bar shi a hannun mai shi ya na tsufa.

Me ya kashe su?

A faɗi gaskiya, gidajen nan sun zo da ciwon su tun daga gini. Akasarin su a buɗe su ke, babu rufi a kan masu kujerar talaka, don haka sai duhu ya yi ake haska fim, kuma idan damina ta sauka sai yadda hali ya yi. Ka duba ƙaton fili a tsakiyar gari, wanda ba ya aiki sai na 'yan sa'o'i da daddare. Da rana kuwa ƙadangaru ne ke shan hantsi a kan bencina. Babu ɗan kasuwar da zai ga haka ya kasa yin lissafi. Ƙari a kan haka, mata, waɗanda su ne rabin al'umma kuma su ne manyan masu kallon fim ɗin Hausa, ba sa shiga. Wadda duk ta shiga, an san sunan da za a kira ta da shi.

Sai kuma abubuwa su ka yi ta zuwa a jere. Faifan sidi ya zo da araha. Tauraron ɗan'adam ya shiga lunguna. Bayan harin 20 ga Janairu, 2012, Kano ta shiga zamanin dokar hana fita da shingayen bincike, sannan a farkon 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja. Wa zai fita kallon dare a irin wannan hali, kuma da me zai dawo gida? Kafin a farfaɗo, 'yan tura fim a waya sun cika kasuwa, fassarar Indiya-Hausa ta mamaye abin da ya rage. Mai gidan sinima ya duba ya ga kujeru wayam, ga magada na jiran rabo, ga dillali a zaure da tayin da bai taɓa mafarkin sa ba.

Shi ya sa ni ban cika ganin baƙin mai sayarwa ba. A ce filin nan zai ɗauki shago 60, kowanne a karɓi hayar shekara tun kafin a miƙa makulli. A ɗaya gefen kuma ga tikitin da sai an yi addu'a kafin a sayar da ɗari a dare. Ko kai ne, mai karatu, me za ka zaɓa? Dukiyar sa ce, kuma mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Tambayar da ta dace ita ce: ranar da aka sa wurin a kasuwa, ina masu sana'ar da wurin ya shafa su ke? Idan aka ce yau za a sayar da mayanka, mahauta ba za su kwana ba. Idan aka taɓa tasha, 'yan yuniyan za su rufe titi. Mu kuwa sai bayan katafila ta wuce mu ke hawa Facebook mu na liƙa tsohon hoto, mu na Allah sarki. Ihu bayan hari.

Hujjojin masu cewa a rushe

Hujja ta farko da ake kawowa ita ce, sinima matattarar banza ce, gara shago. Ba zan yi musun cewa tsofaffin gidajen nan sun tara 'yan daba da 'yan shaye-shaye ba. Waɗanda su ka shiga sun ba da labarin hayaƙi da faɗa da sara-suka a bakin ƙofa. Iyayen da su ka hana 'ya'yan su zuwa ba su yi laifi ba. Amma a tasha akwai 'yan sane, a kasuwa akwai masu tauye mudu, ba a kuma taɓa cewa a rushe tasha ko kasuwa ba. Tsari ake yi masu. Sannan ina so masu wannan hujja su amsa mani tambaya ɗaya. Da aka rufe sinima, kallo ya tsaya? Fim ɗin da za a haska a bainar jama'a a Kano sai ya bi ta hannun Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa a 2001. Abin da yaro ke kallo a waya ƙarfe biyun dare cikin bargo fa, wa ya tace shi? An kori kallo daga inda idon jama'a ke ganin sa, an tura shi inda ko uwa ba ta gani. Idan tarbiyya ake nema wa mafita, wannan ciniki an faɗi.

Hujja ta biyu, wai zamani ya wuce sinima, kowa na da ita a aljihu. To idan haka ne, me ya sa gidajen kallon ƙwallo ke cika maƙil duk ranar da Real Madrid za ta kara da Barcelona? Yawancin waɗanda ke zaune a kan bencin nan su na da waya, wasu ma da talbijin a gida. Su na biyan kuɗi ne don su yi ihu tare, su yi gardama tare. Bahaushe mutum ne mai son taro, tun daga dandali da wasan tashe har zuwa majigin da Turawa ke zagayawa da shi ƙauyuka. An kuma gwada an gani: da aka buɗe Filmhouse a Ado Bayero Mall a 2015, finafinan Hausa irin su 'Mansoor' na Ali Nuhu a 2017 sun ja jama'a, har da matan aure da 'yanmata da iyaye da 'ya'yan su, mutanen da aka ce har abada ba za su taka sinima ba. Da su ka samu wuri mai tsabta da tsaro da mutunci, sai ga su. Illa dai ɗaki biyu ko uku a kanti ɗaya, da tikitin da ya fi ƙarfin ɗan Kurna ko ɗan Ɗorayi, ba za su ɗauki nauyin industiri guda ba.

Hujja ta uku, wai shaguna na samar da aikin yi. Gaskiya ne, kuma ba mai raina sana'a. Amma Kano ta rasa shaguna ne? Ga Kwari, ga Singa, ga Sabon Gari, ga Wambai, ga Farm Centre, ga filazozin da su ka yi wa kowane babban titi ƙawanya har mota ba ta samun wurin tsayawa. Ɗaga kai ka dubi hawa na biyu da na uku na yawancin su, ka ƙirga ƙofofin da ke garƙame, domin ɗan kasuwa ƙasa ya ke so, inda mai wucewa zai gan shi. Shago na dubu da ɗaya bai ƙara wa garin komai ba. Gidan sinima ɗaya da aka rushe kuwa, ya rage wa garin abin da ba shi da madadin sa. Palace ko ba komai asibiti ta zama, jama'a na amfana. Sauran fa?

'Yan haya a sana'ar su

Ga inda abin ya fi yi mani ciwo a matsayi na na mai sharhin fim. Tun da aka fara wannan sana'a, ɗan fim ɗin Hausa bai taɓa mallakar wurin da ya ke sayar da hajar sa ba. A zamanin kaset, furodusa ya ci bashi ya yi fim, ya buga kwali, ya kai wa 'yan kasuwa, sannan ya koma ya na sintiri a Ƙofar Wambai ya na roƙon kuɗin sa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da kasuwar sidi ta rushe, aka koma jiran tashoshin talbijin su saya a farashin da su ka ga dama. Yanzu kuma an tare a YouTube, ana murna wai an samu 'yanci.

Wane 'yanci? YouTube na riƙe kashi 45 cikin 100 na kuɗin talla, ta ba mai fim 55. Kuɗin tallar ma ya danganta da ƙasar da mai kallo ya ke. Kallon da aka yi daga Nijeriya ko Nijar bai kai darajar wanda aka yi daga Amurka ko Ingila ba. Ranar da kamfanin ya sauya ƙa'ida, ko aka rufe maka tasha, ko ɓarayin intanet su ka ƙwace ta, wa za ka kai wa ƙara? Ba na raina abin da 'Izzar So' da 'Labarina' su ka yi tun daga 2020. Sun riƙe industiri a lokacin da ta ke gab da durƙushewa, kuma sun ciyar da gidaje da yawa. Amma wanda ke zaune a gidan haya, komai kyan labulen da ya rataya, ɗan haya ne.

Kuma abin ya taɓa ingancin aikin kan sa. Tunda da yawan mintuna da yawan fitowa ake samun kuɗi, labarin da ya kamata a gama cikin awa biyu sai a ja shi zango biyar. Gaisuwa kaɗai sai ta ci minti uku. A nuna mota ta shigo, a nuna an buɗe get, a nuna an rufe get, a nuna an fito, a nuna an gyara hula. Wanda ya san a tafin hannu za a kalli aikin sa, me zai dame shi da hasken fitila ko tsabtar sauti? Babban allo alƙali ne da ba ya karɓar cin hanci: duk kuskuren mai kyamara sai ya fito ƙato, duk sakacin mai kwalliya sai an gan shi, kuma idan labari ya yi sanyi darakta zai ji 'yan kallo na tsaki da kunnen sa. Mu da aka haifa a ƙarshen shekarun 1990 mun tashi babu wannan alƙali, daraktocin da ke tasowa a cikin mu ma haka. Shi ya sa fim mai tsawon awa biyu, wanda aka tsara farkon sa da ƙarshen sa, ya ke neman zama tarihi a Hausa.

Marubuta ma kada su ɗauka gobarar maƙwabta ce. Daga 'Shaihu Umar' na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, zuwa 'In Da So Da Ƙauna' na Ado Ahmad Gidan Dabino da 'Ki Yarda Da Ni' na Bilkisu Funtuwa, littafi da fim tare su ke tafiya. Ƙaramar kasuwar fim na nufin ƙaramin farashin labari. Sannan marubucin da zai ƙaddamar da littafi a yau, ina ya ke zuwa? Aron ɗakin taro, ko hayar wurin biki da kuɗin da ya fi na ɗab'in littafin. In ka ga gemun ɗan'uwan ka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Hannun hukuma

Wani zai ce, ina ruwan gwamnati da cinikin da aka yi tsakanin mai gida da mai saye? Da ruwan ta mana. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Takardar mallaka na ɗauke da abin da aka ba da filin domin sa, kuma ba a tayar da sabon gini a birnin Kano bisa ƙa'ida sai da amincewar hukumar tsara birni, KNUPDA. Ashe duk filazar da ta tsaya a kan kabarin sinima, ko dai wani jami'i ya sa hannu, ko kuma ya kau da kai.

Kuma mun ga yadda gwamnati ke tada jijiyar wuya a kan fili idan ta so. A watan Yunin 2023, sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-ginen da aka yi a tsohon otal ɗin Daula da shagunan filin Idi, waɗanda aka bayar a zamanin Ganduje, aka yi ta shari'a a kai. Na san waɗancan filayen gwamnati ne, na sinima kuwa na 'yan kasuwa ne, kuma ba ina kiran a saki katafila a kan dukiyar kowa ba ne. Abin da na ke nunawa shi ne, a garin da maganar fili ke iya girgiza siyasa, wa ya taɓa jin an yi zaman majalisa ɗaya a kan makomar gidajen kallo?

Mu kan mu 'yan fim, da mu ka tashi neman gwamnati, me mu ka nema? A 2016 gwamnatin tarayya ta yi shelar gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai su ka yi ca, aka janye. An yi kuka, an yi zage-zage, har yau wasu ba su huce ba. Amma a ce ma an gina shi. Ƙauyen fim wurin ɗaukar fim ne. Matsalar mu ba ta wurin ɗauka ba ce, ai a gidajen aro ma an yi finafinan da su ka girgiza ƙasa. Matsalar ita ce wurin sayarwa. Manomi ne ke kukan a ƙara masa gona, alhali rumbun sa ake ɓallewa ana sayar da itacen.

Yadda wasu su ka yi

Tunda Indiya mu ka ɗauka uwar ɗaki a rawa da waƙa, me zai hana mu kwaikwaye ta a abin da ya fi amfani? A Mumbai, wato Bambai ta da, fili ya fi na Kano tsada nesa ba kusa ba, kuma su ma tsofaffin gidajen sinimar su sun sha irin wannan matsin. Amma ƙa'idar ginin birnin ta ce wanda zai rushe gidan sinima ya yi sabon gini, dole ya tanadi wani ɗakin kallo a ciki, mai ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na kujerun tsohon. Masu gidajen na ƙorafi da wannan sharaɗi, ba a ce ba sa yi ba, kuma bai hana wasu gidajen rufewa ba. Sai dai ya kafa wata magana guda: birni na da haƙƙi a kan wurin da jama'ar sa ke taruwa. A garin ne sinimar Maratha Mandir ke haska 'Dilwale Dulhania Le Jayenge' tun 1995, in ban da hutun dole na annobar korona.

Idan an ce Indiya ta yi nisa, ga maƙwabciyar mu Cadi. Bayan da Mahamat-Saleh Haroun ya ci kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 2010, gwamnatin ƙasar ta sa kuɗi aka gyara tsohuwar sinimar Normandie da ke Injamena, aka sake buɗe ta a 2011 bayan shekaru ta na rufe. Ƙasar da finafinan da ta ke yi a shekara ba su kai abin da titin Gidan Zu kaɗai ke fitarwa a wata ba, ta ga darajar allo ɗaya. Mu masu industiri guda, mun ga darajar shago.

Abin yi

Ba na cikin masu cewa a bar kango ya yi ta zama kango don tarihi. A rushe, a gina, a ci riba. Amma a yi abu huɗu.

Na ɗaya, MOPPAN da sauran ƙungiyoyin 'yan fim su zauna su ƙirga abin da ya rage: a Kano, Kaduna, Zariya, Jos, Katsina, Sakkwato, Gusau da sauran garuruwa, wane tsohon gidan sinima ne har yanzu bai faɗa hannun dillalai ba, wa ke da shi, kuma me ya ke nema? Wannan aikin mako biyu ne, ba ya buƙatar tallafin kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, majalisun jihohi su sa sharaɗi irin na Mumbai: duk wanda zai mayar da filin sinima filaza, ya ware ɗakin kallo a ciki. A sassauta masa haraji ko kuɗin amincewa da zane don kada ya ji an zalunce shi. Hasali ma gata aka yi masa, domin saman benen da ya rasa mai haya shi ne daidai wurin ɗaki mai kujera 150, kuma duk wanda ya hau kallo ta gaban shagunan ƙasa zai wuce.

Na uku, 'yan fim su sa hannu a aljihu. Matan unguwa na yin adashi su aurar da 'ya, 'yan kasuwar waya na haɗa kuɗi su yi odar kwantena. A ce manyan jarumai da furodusoshi da mawaƙa 50 ba za su iya haɗa hannun jari su karɓi hawa ɗaya a bakin babban titi ba? Abin da ake liƙi da shi a bikin 'yan fim guda nawa ne? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwan ai ga su nan, a Instagram mu ke ganin su riƙe da makullan mota.

Na huɗu, a gina abin da zai dace da mutanen da za su shiga. Kallon rana da na yamma, a tashi kafin dare ya yi nisa. Ɓangaren iyali daban, wurin sallah a kusa, ma'aikata masu ladabi, tikitin da mai ɗinki da ɗalibi za su iya saye. A kira malamai da masu unguwanni su ga tsarin tun a kan takarda, kafin a sa bulo ɗaya, don kada a maimaita abin da ya faru a 2016. Ranakun da babu fim, a ba marubuta su yi ƙaddamarwa da karatu, a ba 'yan makaranta su yi wasan kwaikwayo da muhawara.

Na san za a ce yaro ne ke surutu, bai san zafin kuɗi ba. To na ji. Amma manyan da su ka san zafin kuɗin, tun daga 'Turmin Danya' zuwa yau, su nuna mana allo ɗaya da industiri ta mallaka. Fili a bakin titi ba ya jiran kowa, kuma wanda aka zuba wa kankare hawa uku ya tafi ke nan har abada. Waɗanda su ka rage 'yan kaɗan ne, dillalai kuma sun riga mu sanin adadin su.